Kofin da Aka Sauke daga Ƙusa

Yarlinga,
Fabrairu, 1988

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya ƙafa, ya kuma kunne? Amsar ma na san ta: ƙafa da sauƙi, kunne sai addu'a. Shekaranjiya na buga maka waya na yi ta ihu har mai shagon ya leƙo ya zaci fashi ake yi, kai kuwa kana ta “Wa? Wa ke magana?” Na haƙura, mu koma takarda.

Albishirinka, an ba ni ƙusa! Ka san bangon nan na ɗakin shayi a caji ofis, inda kowa ke rataye kofinsa. Tun zuwana da kofin baƙi nake sha, wani mai tsagaggen baki. Ran Juma'a muna gasa nama a bayan ofis sai Saje Pascoe ya miƙo mini guduma ya ce, “Haddow, ubanki ɗan sanda ne na gaske, ke ma ba laifi. Je ki buga abarki.” Na buga, na haɗa da yatsana, suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Baba, ni kaɗai ce mace a cikinsu, ban taɓa zaton za su karɓe ni da wuri haka ba. Har hawaye na yi, na ce hayaƙin nama ne.

Amma ba wannan ne ya zaunar da ni rubutu ba. Ka tuna Gavan Tully, wanda muke fita sintiri a mota ɗaya? Dogon nan mai shiru-shiru, wanda ya koya mini canza taya a cikin yashi, wanda ba ya tayar da mota sai ya ƙirga jarkokin ruwa. To, shi ne ya ɓallo ruwa.

Ranar tseren dawaki abokin aikinmu Kel Dwyer ya kamo wani mai askin tumaki, Clem, a buge. Clem ya zage shi ya tofa masa yawu. Suna shiga tsakar gidan ofis Kel ya rufe shi da duka har ya karya masa muƙamuƙi. Ni ina hutu ranar. Duk waɗanda ke wurin suka rubuta cewa faɗowa ya yi daga bayan mota. Da aka je kotu alƙali ya tambayi Gavan, sai ya ce shi bai ga faɗuwa ba, duka ya gani. Aka sallami Clem, aka cire wa Kel igiya ɗaya.

Washegari muka tarar an sauke kofin Gavan daga ƙusa, an ajiye shi a ƙasa bakin ƙofa, an cika shi da abincin kare. Gavan ya sunkuya ya ɗauka, ya wanke, ya mayar. Kafin rana ta take an sake saukewa. Yanzu ba mai kiran sunansa, Kare kawai ake cewa. Jiya na fito daga motar Gavan sai Kel ya ce mini, “Haddow, ki riƙa kaɗe rigarki fa, ƙuma tsalle take yi.”

Baba, kaina ya ɗaure. Mutumin nan bai taɓa yi mini komai ba sai alheri. Matarsa Merrin ce ta ba ni labule da tukwane da na zo garin nan ba ni da ko cokali. Kuma ƙarya dai bai yi ba. Amma ƙusar nan tawa ko tsatsa ba ta fara ba, kuma na sha wuya kafin na same ta. Kai ka tsufa a cikin kaki, ka faɗa mini yadda zan yi.

Ka riƙa shan maganinka, ban da wayo. Ka huta lafiya.

'Yarka,
Narelle


Port Selwyn,
Maris, 1988

Zuwa ga 'yar Baba, Nelli,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso, na karanta ta sau biyu, na farko da murna, na biyu da ciwon kai. Ƙafa tana nan tana ja na, kunne kuwa ya riga ni yin ritaya. Kifi ma sun gane ni, suna cinye tana su bar mini ƙugiya.

Ƙusa! Kai, madalla. Da uwarki na raye da ta yi kuka, ita ma ta ɗora wa hayaƙi laifi.

To, zancen Tully. Buɗe kunnenki tunda ke kina da shi. Ban ce Kel ya kyauta ba, sakarai ne. A zamaninmu da saje ya ja shi bayan gareji ya wanke shi tas, ya sa shi wankin motoci har hannunsa ya yi kanta, magana ta mutu a gida. Amma a kwashi tsummokaran ɗaki a je a shanya a gaban alƙali? Haba! Aikin nan tsintsiya ce, maɗaurinki ɗaya.

Kin san an fasa mini kunnen hagu a mashayar masu haƙar ma'adinai, amma ban taɓa gaya miki wanda ya fito da ni ba. An rotsa mini kujera a kai, ina kwance ana tattaka ni. Rod Pascoe, wannan sajen naki, lokacin kurtu ne ko gashin baki bai tara ba, ya kutsa shi kaɗai ya kwanta a kaina, ya sha dukan da aka tanadar mini. Bai tsaya tambayar ko ni ke da gaskiya ba. Da ya tsaya tambaya da ba a haife ki ba. A dajin nan naku, ranar da abu ya ɓaci ba littafin doka ne zai taho da gudu ba, mutumin da kuka sha shayi tare ne. Tully ya san haka, ya zaɓi abin da ya zaɓa.

Ban ce ki zage shi ba, ban ce ki taɓa kofinsa ba, ba haka na rene ki ba. Ki sami Rod a keɓe ki ce a canza miki mota, shi ke nan. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, ke kuma mace ce, sabuwa ce, ido a kanki yake. Merrin ki riƙa gaishe ta daga nesa.

Kuma kada ki sa abin a ranki. Na sha ganin an sauke kofi. Wata biyu, wata uku, mutum ya gaji ya nemi canjin wuri, ya tafi birni ya zauna a bayan tebur, kowa ya huta. Horo ne kawai, yarinya. Ba a taɓa mutuwa da shi ba.

Ki gaida Rod, ki ce na ji labarin tumbinsa yana riga shi shiga ɗaki. Ki sa hula, ranar can ba ta da mutunci. Allah ya tsare.

Babanki,
Clarrie Haddow, Saje mai ritaya


Yarlinga,
Afrilu, 1988

Babana,

Ina gaisuwa, da fatan kifi sun fara tausaya maka. Na isar wa Saje saƙonka, ya shafa tumbin ya ce in gaya maka naman gwamnati ne, ba na sata ba.

Na bi maganarka. Da na nemi canjin mota Saje ya dafa kafaɗata ya ce, “Jinin Clarrie ba ya ƙarya.” Yanzu da Kel nake fita. Da yake ba mai yarda ya shiga mota da Gavan, shi kaɗai yake sintiri, kuma kullum hanyar arewa ake ba shi, wannan doguwar ta tsakuwa mai shanu da kangaru. A ƙa'ida mutum biyu ake turawa can. Na tuna wa Saje, ya ce, “Ai da shi da gaskiyarsa biyu ke nan.”

Baba, na ga abin da kake faɗa. Makon jiya motata ta kafe a rafi, ruwa na hawa. Ban gama magana a oba-oba ba sai ga motoci sun taso kamar an yi gobara, Kel ya shiga ruwa har ƙugu ya ɗaura igiya, yana zagina yana dariya. Ranar na ji ni 'yar gida ce. Ban taɓa jin irin daɗin nan ba, ba zan ɓoye maka ba.

Sai dai akwai sabon abu, ban sani ba ko a zamaninku ana yi. Ka san oba-oba ba ta ɗaukar baki biyu lokaci ɗaya. To, da zarar Gavan ya fara magana sai wani ya riƙa danna maɓallin tasa, ƙas, ƙas, ƙas, muryar ta guntule, ba a jin komai. Ba a sanin wanda ya danna, shi ne daɗin abin a wurinsu. Wani sa'in a bi shi da haushi. Kel ya iya haushi har karen mahauci ya taɓa amsa masa daga tsallaken titi. Na yi dariya, Baba. Wallahi ban yi niyya ba, kuɓuce mini ta yi.

Shekaranjiya muka haɗu da Gavan a gidan mai, ba kowa. Ya kalli motata ya ce, “Haddow, tayar ajiyarki ba iska.” Na ce, “Gavan, ni fa ba wai...” Ya ɗaga hannu ya ce, “Bari. Na gane. Ke dai ki riƙa ƙirga ruwa.” Ya sa wa tayar iska da kansa ya tafi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Merrin har yanzu tana aiko da kek duk Juma'a kamar yadda ta saba. Sai ya wuni a kan tebur ba mai taɓawa, tururuwa su yi biki. Na hango ta a kanti na juya ina karanta bayan gwangwanin wake kamar jarrabawa za a yi mini a kai. Ta wuce ta ce, “Sannu, Narelle,” na amsa wa gwangwanin.

Ka ce zai gaji ya tafi. An ajiye masa takardar neman canji a tebur, ya mayar da ita babu ko ɗigon tawada, ya ce shi bai yi laifin da zai gudu ba. Taurin kai kamar jaki. Ni dai na ƙagu ya tafi, don in daina jin nauyin nan a ƙirjina duk safiya.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Narelle


Port Selwyn,
Mayu, 1988

Nelli,

Gaisuwa. Kin yi daidai. Dannawar nan tsohuwar sana'a ce, mu muka gaje ta, ba su suka ƙirƙiro ba. Wasan yara ne, kada ki sa hannu, kada kuma ki hana. Jakin zai gaji kafin sanyi ya wuce, ki rubuta ki ajiye. Na kama wani kifi jiya, tsawonsa daga nan zuwa ƙofa, ba mai shaida sai kyanwa. Ki sa rigar sanyi.

Babanki,
Clarrie Haddow, Saje mai ritaya


Yarlinga,
Yuni, 1988

Baba,

Ina gaisuwa. Ban san ta inda zan fara ba. Gavan ya rasu.

Juma'a ce da rana, muna bayan ofis, nama a kan wuta, an jawo akwatin oba-oba bakin taga don mu riƙa ji. Sai ga muryarsa, “Yarlinga, Yarlinga, mota ta uku...” Kel ya zura hannu ta taga ya ɗauki abin magana, ƙas, ƙas, ƙas, ya bi da haushi. Aka yi dariya. Gavan ya sake kira, aka sake dannawa. Muryar ba irin tasa ta kullum ba ce, ƙasa-ƙasa take, kamar ta wanda ya sha gudu. Na lura, Baba. Kada wani ya ce maka ban lura ba.

Can tsakanin dannawa sai na ji raɗau, “Haddow. Haddow, kina ji na?” Gavan bai taɓa kiran sunan mutum a oba-oba ba, lambar mota yake kira, shi da bin ƙa'ida. Kowa ya juyo yana kallona. Kel ya ce, “Ke, mutuminki na kira. Je ki jefa masa ƙashi.” Tagar na kusa da ni, miƙa hannu kawai zan yi. Na kalli Saje. Ya juya nama ya ce, “Wani ya rage mana hayaniyar nan.” Aka rage. Kofina na hannuna, sai na kai shi baki na sha.

Wani bijimin sa ne ya faɗo masa a hanya, ya kauce, mota ta wuntsila ta danne masa ƙafa. Abin maganar na kusa da hannunsa, ya yi ta kira. Wani direban motar shanu ne ya tsince shi dab da faɗuwar rana, da sauran numfashi. Kafin jirgin likitoci ya sauka rai ya yi halinsa. Likitar ta ce jini ne ya yi ta zuba a hankali, da an isa da wuri da ƙafar kawai zai rasa.

An yi jana'iza da tuta da fareti. Saje ya tsaya a coci ya ce mun yi rashin ɗan'uwa. Kel na cikin masu ɗaukar akwati, yana kuka har da majina, kuma kukan gaske yake yi, shi ne abin da ya fi ruɗa ni. Da muka dawo ofis na tarar an wanke kofin Gavan fes, an mayar da shi kan ƙusa, an ɗaura masa baƙin ƙyalle.

Za a yi zaman kotu don binciken yadda ya mutu. Saje ya tara mu a ɗakin shayi ya rufe ƙofa ya ce, “Kowa ya san tsaunin arewa yana tare oba-oba. Ranar nan ƙara muka ji, ba mu ji magana ba. Ko akwai wanda ya ji wani abu daban?” Ni ya kalla. Na kalli bango.

Ba na iya cin abinci. In na shiga mota na kunna oba-oba sai in ji kamar zai sake kira. Ni ya kira, Baba, don a duk ofishin nan ni kaɗai yake zaton zan amsa.

Ka ce ba a taɓa mutuwa da shi ba. Ban rubuto don in ɗora maka ba, kofin a hannuna yake ba a naka ba. Amma ka faɗa mini yanzu, me zan ce wa alƙali?

'Yarka,
Narelle


Yarlinga,
Yuli, 1988

Zuwa ga Kwanstabul Haddow,

Ina gaisuwa, kuma na gode da furannin da kika aiko. Na ga kin zo har bakin shingen gida kin juya, ba sau ɗaya ba. Ta labule nake ganinki, ragowar wanda na ba ki. Na ga rubutu zai fi mana sauƙi mu duka.

Akwai abin da ba ku sani ba. Muna da ƙaramar rediyo a kan firji mai kama zancen oba-oba, ana ji da ita amma ba a magana. Gavan ya saya don in san lokacin ɗora abinci. Ranar nan tana kunne, ina guga. Na ji ya kira, na ji an danna, na ji haushin. Na ce a raina, 'yan iska sun fara. Na miƙa hannu na kashe ta, don na gaji da jin ana wulaƙanta mijina a cikin ɗakin girkina. Na ci gaba da goge rigarsa ta gobe. Kin ga ni ma na saba. Kun koya wa kowa kada a saurare shi, har da ni.

Amma kafin in kashe na ji sunanki.

Lauya ya ce maganata ba za ta yi nauyi ba, matar mamaci ce ni, kuma na kashe rediyon da wuri, ku kuma bakinku ɗaya. Ba roƙonki nake yi ba. Gavan bai taɓa roƙon kowa ba, ba zan fara a madadinsa ba. Ranar da kika juya mini baya a kanti na dawo ina faɗa, ya ce, “Ƙyale yarinyar nan, Merrin, sabuwa ce, tsoro take ji. Za ta yi hankali.” Na ga ya kamata ki san ya faɗi haka. Ni ban kai shi haƙuri ba.

Abu ɗaya nake so, kofinsa. Ni na saya masa da aka ɗauke shi aiki. Ba na son ya ci gaba da zama a bangon nan a tsakiyar nasu da baƙin ƙyalle a wuya. Ki ciro mini shi. Kada ki ajiye a bakin ƙofata ki tafi, zaman ƙasan da ya yi ya isa. Ki ƙwanƙwasa.

Ki huta lafiya.

Merrin Tully


Port Selwyn,
Agusta, 1988

Nelli, 'yata,

Ina gaishe ki. Na san na yi shiru, kuma na san shirun ya yi miki ciwo. Takardarki na kan tebur, na fara amsa na yaga ban san iyaka ba.

Rod ya zo. Ya tuƙo duk hanyar nan, da kwalin giya da cinyar rago. Muka zauna a baranda. Ya tsufa, Nelli, tumbin ma ya zube. Da yake sai an yi mini ihu, maganar da ya zo yi a asirce duk maƙwabta sun ji ta. “Clarrie, ka yi wa yarinyarka magana! Wanda ya tafi ya tafi! Sauran suna da mata da 'ya'ya!” Na ce, “Rod, tsakaninka da Allah, ka ji muryar yaron nan?” Ya juya yana kallon teku, ya faɗi wani abu a hankali, don ya san ba zan ji ba. Ya manta na daɗe ina karanta leɓe. Cewa ya yi, “Na ji.”

Mutumin nan ya kwanta a kaina ya sha duka. Har in mutu ba zan iya ƙinsa ba. Amma tun da ya tafi nake ta juya abin da na rubuta miki. Na ce amfanin tsintsiyar shi ne in ka kira a zo. Yaron nan ya kira. Da kakinsa, a bakin aikinsa, ya kira, mu da muka gina al'adar nan muka danne shi. Na ce mu, don da bakina na ce miki wasan yara ne.

Ni na ce ki fita daga motarsa. Da kina ciki da kin ɗaure masa ƙafa, da kin kira da muryar da za a saurara. Wani sa'in kuma in ce da kina ciki da wataƙila akwati biyu aka ɗauka, sai in gode wa Allah, sai kunya ta rufe ni. Na daina zuwa kamun kifi. In na zauna a bakin ruwa tunanin nan ne kawai ke cin ƙugiya.

Kin ce in faɗa miki abin da za ki ce. Ba ni da shawara, yarinya. Ta ƙarshe da na bayar an binne ta da tuta. Da na sani ƙeya ce. Abin da na sani kawai zan gaya miki. In kin yi magana za su yi miki abin da suka yi masa, wataƙila fiye, kuma ba a Yarlinga kaɗai ba, labari zai riga ki zuwa duk ofishin da aka kai ki. In kin yi shiru ba wanda zai sake ɗaga zancen har abada, sai ke. Duk wanda kika ɗauka, ni ubanki ne.

Giyar na nan a baranda, ban buɗe ba. Cinyar na ba maƙwabci.

Allah ya yi miki jagora, tunda ni na kasa.

Babanki,
Clarrie


Yarlinga,
Satumba, 1988

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafa da sauƙi.

Na ciro kofin Gavan a gaban kowa na kai wa Merrin. Na ƙwanƙwasa. Ta karɓa, ta kwance ƙyallen ta miƙo mini, ta rufe ƙofa.

Na faɗa a kotu. Duka na faɗa, dannawar, haushin, maganar Saje, sunana da ya kira, da shayin da na sha. An dakatar da Kel. Saje na nan har a gama bincike, ba ya kallon inda nake.

Washegari na tarar da kofina a ƙasa bakin ƙofa. Na wanke shi na mayar inda na same shi, ba ni da ƙarfin wasan ɗauka a sauke. An ba ni hanyar arewa, ni kaɗai. Jiya na gwada oba-oba daga bakin gari, ƙas, ƙas, ƙas. Kel ba ya nan, ashe ba yatsansa kaɗai ba ne.

Ba na nadamar faɗar da na yi. Nadamata ta waccan Juma'ar ce, kuma faɗar ba ta rage ta ba ko kaɗan. Amma ina jin tsoro, Baba. Ina ƙirga ruwa.

'Yarka,
Narelle


Port Selwyn,
Satumba, 1988

Nelli,

Gaisuwa. Na kulle gida, na kai wa maƙwabci kyanwa. Ko ni ko takardar nan, wani zai riga wani isowa.

Ki gaya wa Rod tsohon sajensa zai zauna a bencin da ke gefen oba-oba tun daga fitarki har dawowarki, in yana da ƙarfin hali ya kore ni. Kunne ba ni da shi, amma idona garau. In kin kira zan ga jar fitilar ta kama, in ga fuskar kowa, in ga babban yatsan kowa. Zaman da ya kamata wani ya yi wa Tully ne, na makara.

Kada a nema mini ƙusa. Na taho da kofina, ki matsa mini wuri a ƙasa kusa da naki.

Sai na iso.

Babanki,
Clarrie